Romon Inna

Talata, 2 ga Satumba

Yau muka dawo da Inna daga asibiti. Gidana aka kawo ta, ba don ni ce 'yar gaban goshi ba, sai don gidan Yaya a saman bene yake, ita kuma ko taku ɗaya ba ta iya yi. Santsin banɗaki ne ya kayar da ita, ƙashin cinya ya karye, aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. Ɗinkin ya fi tafin hannuna tsawo. Na duba shi da idon tela, ba laifi, wanda ya yi ya san aikinsa.

Na kwashe keken ɗinkina da yadudduka na mayar falo, na bar mata ɗakin. Ana kwantar da ita ta ɗaga kai ta ce labulen a karkace yake. Sannu da aikin da na samu ke nan. Ni da Inna dama haka muke tun ina ƙarama, ba ma jimawa a ɗaki ɗaya ba mu saɓa ba. Ita ta sa mini Uwar Gardama, ba ta kuwa taɓa tambayar kanta inda na gado ba.

Mun yi magana da Yaya a bakin mota: ciwon na rufewa, ta fara taka ƙafa, zai zo ya ɗauke ta. Likita ya ce a dage da ba ta abinci mai gina jiki, kaza, ƙwai, kifi. Kaza dai ba a koya mini ita.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na je wajen mai kaji da safe, ya yanka mini wata mai tsoka ya fige. Na ce ya ƙara mini da wuya da ƙafafu in akwai waɗanda masu saye suka bari. Duk gidanmu an san Inna da wannan. Tun muna yara in an dafa kaza wuya take ɗauka da ƙafafu, ta koma gefe tana tsotsa. "Nan daɗin kaza yake," haka take cewa.

Tun hantsi na ɗora tukunya, albasa da citta da tafarnuwa, wuta kaɗan-kaɗan, har naman ya rabu da ƙashi don kansa. Na tace romon da rariya ya fito garau, maiƙo na yawo a samansa. Duk amfanin kazar ya gangara cikin ruwan nan, ƙamshin kawai ya isa shaida. Na kai mata kwano guda da wuyanta da ƙafafunta a ciki. Naman da ya rage ya riga ya zama tsumma, Baban yara da yaran suka cinye shi da shinkafa. Yana suɗe hannu yana cewa, "Allah ya ba Inna lafiya, amma dai kada ta yi gaggawar warkewa." Na jefe shi da murfin roba.

Asabar, 6 ga Satumba

Ta ce gishiri ya yi kaɗan. Amma ta shanye.

Litinin, 8 ga Satumba

Sista mai wankin ciwo ta fara zuwa. Gajeruwa ce, muryarta ta fi jikinta, jakarta ta kusa rinjayar ta. Tana shiga Inna ta ce mata takalminta ya yi mata girma. Sista ta ce, "Inna, na aro ne, nawa suna wajen gyara," suka yi ta dariya. Kowa Inna tana iya dariya da shi, ban da ni.

Ni na riƙe kwanon auduga. Gefen ɗinkin na ƙasa bai kama ba, yana ɗan fitar da ruwa. Sista ta ce a sa ido.

Juma'a, 12 ga Satumba

Kayan makaranta sun taru mini, riguna da siket har kan kujera. Da na taka keke sai in ji, "Uwar Gardama!" In je, a gyara filo. In dawo, "Uwar Gardama!" Ruwan ya yi sanyi. Na haɗa hannun riga a baibai har sau biyu.

Da nake shafa mata mai na ga zobenta yana juyawa a yatsa. Zoben da a da sai da sabulu yake fita. Gashinta ma yana biyo mataji. Ban gaya wa kowa ba. Na ƙara kaza a tukunya.

Talata, 16 ga Satumba

Ranar komawa asibiti. Likita ya ɗaga bandeji ya ɗaure fuska. Ciwon ya buɗe daga ƙasa, cikinsa fari fat, babu alamar sabon nama. An gwada jini, ya ce jikin ba ya samun abin da zai gina kansa da shi. In ba a ga canji ba zuwa tsakiyar watan gobe, za a mayar da ita tiyata a yanko fata daga ɗaya cinyar a rufe wurin.

Inna ta ce, "Wallahi ba mai sake kwantar da ni a kan teburin nan. Gara ƙafar ta ruɓe." Na san ta. In ta rantse ta gama.

Likita ya tambaye ni me take ci. Na ce kaza, kusan kullum. Ya kalle ni ta saman tabarau kamar mai sauraron ƙarya, ya ce, "Kusan kullum?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake tsayuwa a kan tukunya har bayana ya ƙage! Muka kamo hanyar gida. A mota Inna ta riƙe gefen mayafina har muka iso gida, ban sani ba ko ta san ta riƙe.

Tsoro nake ji. A nan dai zan iya faɗa.

Laraba, 17 ga Satumba

Yaya ya bugo waya wai ko ba na ba ta abinci da kyau. Na ce ya sauko da benensa ƙasa ya zo ya ɗauke ta. Na kashe wayar.

Alhamis, 18 ga Satumba

Yau Sista ta makara, sai ta zo daidai ina fitowa daga kicin da kwanon Inna. Ta leƙa ciki.

"Wannan fa?"

Na ce kazar Inna ce.

"Ina kazar?"

Na nuna mata wuya da ƙafafu. Ta ce in kai ta kicin. Na buɗe mata ɗaya tukunyar, inda tsumman naman yake jiran yara su dawo daga makaranta. Na yi mata bayani yadda nake dafawa har duk ƙarfin ya sauka cikin ruwa, ina yi ina jin daɗin kaina. Ta ajiye jaka ta zauna a kan kujerar tsugunno, ta dafe kai.

Abin da ta ce, gwargwadon yadda na riƙe: abin da jiki yake gina sabon nama da shi, furotin, a cikin tsoka yake zaune. Ko kwana kika yi kina dafawa, kaɗan ne yake fita cikin ruwa. Abin da ke cikin romo ruwa ne da mai da gishiri da ɗanɗano. Yana ɗumama ciki, yana buɗe baki, amma ba ya cike rami a cinya. Wuya da ƙafafu kuwa yawanci fata ne da ƙashi, naman jikinsu bai cika cokali biyu ba.

Ta ɗago wani yanki na ƙirjin da cokali ta ce, "Wannan da kike kira tsumma, shi ne maganin. Ke fa tela ce. Kin sa allura, kina ta taka keke, amma babu zare."

Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Tun da aka kawo ta kazar tana shigowa gidan nan, tana wuce ƙofar ɗakinta, tana tafiya kumatun Baban yara. Da ya dawo da yamma na ƙare masa kallo, wallahi har wuyan rigarsa ya matse shi. Na gaya masa, ya ajiye cokali ya ce, "Wato ni nake ta warkewa?" Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa.

Sista ta ce ba ni kaɗai ba ce, gidaje da yawa haka suke yi wa marar lafiya. Hakan bai rage mini komai ba. Amma ta ce akwai sauran lokaci, kuma wannan na riƙe.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na dafa ƙirjin daidai dahuwa, na cire fatar saboda hawan jininta, na yayyanka ƙanana na ɗora a kan dankali. Ta kalli farantin, ta kalle ni.

"Ina wuyana?"

Na ce likita ya hana. Ta tsince dankalin tsaf, ta tura naman gefe. "Kai wa yara." Na ce nasu yana kicin. Ta ce a ƙara musu. Na ɗaga murya, ta juya fuska bango.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na yi dabara, na daka naman a turmi ya yi laushi na dama shi cikin romon. Kurɓa ɗaya ta yi ta ce, "Wa ya zuba mini ƙasa a romo?" Ta sha rabi don na tsaya a kanta. Rabi dai ya fi babu.

Laraba, 24 ga Satumba

Ban san yadda zan rubuta na yau ba.

Na kai mata farantinta da rana, na zauna a bakin gado da nawa kwanon, don na ce yau ba zan tashi ba sai ta ci. Wuya da ƙafafun da suka rage su na zubo wa kaina, tunda ba mai so. Ina ta fama da wuyan, in juya nan ƙashi, in juya can ƙashi, har wani ya soke ni a dasashi. Na ce, "Inna, wai me kike ji a cikin abin nan?"

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Ba komai. Ƙashi ne da ɓata lokaci."

Na ce amma ai kin ce nan daɗin kaza yake.

"To me zan ce? Ga ku reras a gabana, kaza ɗaya. In na ce ina son cinya, Yayanki zai ajiye tasa. Ke kuma za ki ajiye taki ki yi fushi a kai."

Na zauna da ƙashi a hannu kamar wata sakarya. Duk tsawon rayuwata na ɗauka abin da take so ke nan. In ta zo gidana ni da kaina nake tsamo mata wuyan, ina ganin na kyauta mata. Har matar Yaya na taɓa yi wa faɗa don ta zubar da ƙafafu.

Na ce to yanzu ai mun girma, kaza kuma ga ta. Ta ce, "Ba ya wucewa, Uwar Gardama. In na san akwai yaron da bai ci ba a gida, naman nan a maƙogwaro yake tsaya mini. Ba taurin kai ba ne."

Na fita na tsaya a bayan ƙofa na yi kukana. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, na rasa wanne ya fi.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ina guga na yi ta juya maganarta. Ni a tarbiyyata babba ake fara kai wa abinci, ita ma ta koya mini. Shi ya sa kullum farantinta ke fara fita, yaran suna falo suna jiran nasu, tana jin motsinsu. Ashe nan matsalar take.

Yau na juya abin. Na shimfiɗa tabarma a ɗakinta, na zuba wa Baban yara da yaran a gabanta. Wake da ƙwai ne yawanci da ɗan nama a kai, amma na cika faranti. Suka ci tana kallo, tana gyara musu zama, tana cewa babbar 'yata ta daina cika bakinta da loma. Da suka gama Baban yara ya jingina da bango ya shafa ciki ya yi wata gyatsa da na tabbata maƙwabta sun ji, ya ce, "Inna, ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan iya ƙara loma ba." Ta ce masa marar kunya.

Suka fita. Na kawo nata, na ajiye, na kama ninke kaya ban kalle ta ba.

Ta cinye. Har ta bi farantin da yatsa.

Asabar, 27 ga Satumba

Ta ci da rana, ta ci da yamma. Ta ce naman ya bushe. Alhamdulillahi.

Litinin, 29 ga Satumba

Sista ta ji labari ta ce ita ma za ta gwada wa wani tsoho da take zuwa wajensa. Ta ƙara mini karatu tana wankin ciwo. Ƙirji ya fi furotin, mai kuma kaɗan ne a jikinsa. Cinya ta fi laushi, ta kuma ɗan fi shi abin da ke ƙara jini, don haka in riƙa sauyawa. In dafa ya dahu har ciki, kada a ga ja a jikin ƙashi, amma ba sai ya mutu sau biyu ba. Kada kuma in ce kaza kaɗai, ƙwai da safe, wake, kifi, madara, ganye da lemo. Romon ma kada a zubar, a jiƙa naman da shi ya yi mata sauƙin tauna.

Inna tana kwance tana ji ta ce, "Ku dai ku mayar da ni tinkiyar kiwo."

Ciwon yana nan yadda yake. Sista ta ce ba a shuka yau a girbe gobe.

Laraba, 1 ga Oktoba

Mai kaji ya miƙo mini ƙullin wuya da ƙafafu da ya tara mini, yana murmushi. Na ce ya bar su, tsoka nake so. Ya ce, "Hajiya, ko tsohuwar ta canza ra'ayi?" Na ce ra'ayin nata ne muka daɗe ba mu sani ba. Bai gane ba, na bar shi a haka.

Asabar, 4 ga Oktoba

Zazzaɓi ya kama ta tun jiya, ta ƙi komai sai shayi. Sista ta zo ta duba ta ce ba daga ciwon ba ne, mura ce, yaran suka kwaso mata. Ga ribar cin abinci a ɗakinta.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ta warware. Da kanta ta ce, "Yau babu cinya ne?" Na yi kamar ban ji ba don ta sake faɗa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sista ta ɗaga auduga ta ce, "Zo ki gani." Cikin ciwon da yake fari ya yi ja jawur, da ɗan ƙurji-ƙurji, yana tasowa daga ƙasa. Ta ce sabon nama ke nan. Bakin ma ya fara matsowa, ni da na saba da awo ba sai an gaya mini ba.

Inna ba ta iya hango wurin, ta ce a ba ta madubi. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan kazar ce?" Sista ta ce ita ce, da ƙwai, da 'yarki. Inna ta ce, "Hm." Daga bakin Inna, hm ɗin nan lambar yabo ce.

Da yamma ta sa na kawo mata rigunan makaranta tana ɗinka maɓallai daga kwance. Nata sun fi nawa ƙarfi, ta kuma tabbatar na sani. Muka yi ta hira, ta ba ni labarin lokacin da tana budurwa, abubuwan da ban taɓa ji ba. Ashe ta iya keke, na hawa, har ta taɓa faɗawa kwata da shi.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Yaya ya zo da kaji har uku a kwali, yana ta sunkuyar da kai. Na gaya masa maganar wuya. Ya zauna a falo, can ya ce, "Ni fa cinya biyu nake ci." Na ce na sani, ina wurin.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Asibiti. Tun a mota Inna take jan carbi. Likita ya buɗe, ya matso da fitila, ya danna gefe da gefe. Ya ce, "Me kuka canza?" Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "A da ruwan kazar suke ba ni, yanzu sun fara ba ni kazar." Suke! Ko a jikinta.

Ya yi dariya ya ce babu maganar tiyata. A ci gaba da abin da ake yi, sauran zai rufe da kansa, a fara koya mata tafiya.

A bakin asibiti na zauna a kan dakali na rufe fuska da mayafi. Inna daga cikin keken marasa lafiya ta ce, "Tashi, mutane na kallo." Amma muryarta rawa take yi.

Talata, 21 ga Oktoba

Ta taka daga gado zuwa ƙofa da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Yaran suna tafi, Baban yara yana gaba yana ja da baya kamar mai yi wa mota jagora. Ya ce shi tunda aka rage masa nama ya rame, a rubuta ladan a sunansa.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ciwon ya rufe. Tabo ne kawai, ja, mai sheƙi. Sista ta yi mana sallama, Inna ta riƙe hannunta ta yi ta sa mata albarka. Yau har kicin ta shigo ta zauna tana gaya mini na cika wuta.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Yaya ya bugo bayan la'asar. Sun gyara mata ɗaki, sun sa ƙarfen riƙewa a jikin matakala, likita ma ya ce hawa a hankali zai ƙara mata ƙarfi. Wai Asabar ta yi?

Na ce tabon bai yi ƙwari ba tukuna. Ya ce ai likita ya ce. Na ce likita ba shi yake kwana da ita ba. Kuma matarsa ba ta san yadda ake jera mata abincin ba, za su fara kai mata kafin yara, a koma gidan jiya. Ya ce sai in koya mata, abu ne mai sauƙi. Na ce ba yanzu ba, aiki ya yi mini yawa. A bari dai zuwa ƙarshen wata, ko bayansa, mu gani. Gaskiya ce ai, ba wai wani abu ba.

Na ajiye wayar na juyo, sai ga ta a bakin ƙofar falo a kan sandarta. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

Ta ce, "Tabon bai yi ƙwari ba, ko?"

Na ce eh.

Ta ce, "Ni ma haka nake ji."

Ta juya ta koma ɗaki tana ɗingishi, irin wanda ba ta yi shi da safe ba.